Me Tsauni Ke Ƙara wa Ganyen Shayi?

A shekarar 2014 wata gonar shayi mai suna Makaibari, da ke tsaunukan Darjilin a arewa maso gabashin Indiya, ta sayar da wani ganyenta na musamman a kan dala 1,850 kowane kilo. A kasuwar gwanjo ta Mombasa kuwa, inda ake hada-hadar galibin shayin gabashin Afirka, kilo yakan tashi ne a kan dala biyu zuwa uku. Duka biyun daga itace iri ɗaya suka fito, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Baƙin shayi da kore da wanda ke tsakaninsu duk 'ya'yan itacen nan ne, wajen sarrafawa suke rabuwa. To me ya kawo wannan rata haka?

Amsar da 'yan kasuwa suka fi saurin bayarwa ita ce tsauni. Duba kwalin duk wani shayi mai tsada, da wuya ka rasa hoton dutsen da hazo ya lulluɓe, a ƙasa kuma an rubuta tsayin gonar da mita, sai ka ce tsayin ake sayar maka. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta cika ba. Gonakin Kericho na ƙasar Kenya, waɗanda ganyensu ke cika kasuwar Mombasa, suna kan tudun da ya kai mita 2,000, wato sun ɗara galibin gonakin Darjilin tsayi. Da tsayi kaɗai ke yin aikin, da ganyen dala biyun nan ne zai fi tsada. Abin da tsauni ke yi shi ne ya takura wa itacen, ya hana shi sakewa, a cikin takurar ce kuma ganyen ke tara abin da ake rububi. Ko abin zai iso cikin kofi ko zai salwanta a hanya, wannan ya rataya a kan watan da aka tsinki ganyen, da hannun da ya sarrafa shi, da wanda ya haɗa.

Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 a ma'aunin salshiyas. Shayi kuwa itace ne mai son ɗumi da laima. A kwarin Asam na ƙasar Indiya, inda zafi da ruwan sama suka wadata, toho yake yi ba ƙaƙƙautawa, ganyen ya yi faɗi ya cika da ruwa. A kan tsauni sai ya koma tafiyar hawainiya. Hekta guda a Asam tana ba da wajen kilo 2,000 na busasshen shayi a shekara, ta Darjilin kuwa ba ta kai 500 ba. Tun daga nan tsadar ta samo asali. Gangaren dutse yana da wani amfanin kuma: shayi yana son ruwa amma ba ya son saiwarsa ta kwana a cikinsa, ƙasar da ruwa ke wucewa ba ya kwanciya ita ce tasa, musamman in tana da ɗan tsami.

A cikin ganyen akwai abubuwa uku da ke ja-in-ja a kan harshe. Akwai sinadaran katekin, su ke kawo baurin nan mai ɗaure baki. Akwai kafeyin mai ɗaci, mai korar barci. Sai tiyanin, wanda wani masani ɗan Japan ya gano a 1949, shi ke ba ruwan shayi gardi da wani irin santsi da ke kwantar da ɗacin. A saiwa itacen ke haɗa tiyanin, ya tura shi sama zuwa sabon toho. Idan rana ta buɗe a kan ganyen, sai ya riƙa juya tiyanin ɗin yana mayar da shi katekin. Idan inuwa ta yi yawa, juyin ya ragu, tiyanin ya taru. Manoman Japan sun san wannan tun kafin a raɗa wa sinadarin suna: sukan yi wa gonar rumfa na kimanin mako uku kafin tsinka, su sami shayinsu mai daraja da ake kira gyokuro. Abin da suke kashe kuɗi su yi da rumfa, shi hazo ke yi wa gonar kan tsauni a kyauta.

Sanyin dare ma da nasa aikin. Da rana ganye yana haɗa sukari daga hasken rana, da dare ya ƙone wani kaso don ya rayu. In daren na da zafi ƙonawar ta yi yawa, in da sanyi a wayi gari da saura a jikinsa. Shi ya sa masu gonaki ba su cika damuwa da lambar mita ba kamar yadda suke damuwa da tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin asuba.

Amma duk wannan maganar harshe ce, alhali rabin abin da ke jan mutane ga shayin tsauni a hanci yake. Sinadaran ƙamshi da ke cikin ganyen shayi ba su kai ko kashi ɗaya cikin dubu na nauyinsa ba, duk da haka masana sun ƙirga ɗaruruwansu. Akwai linalul, wanda ake samu a furen lemo. Akwai jeraniyol, na furen wardi. Akwai ma wanda shi ne ainihin ƙamshin man shafawar nan na ciwon gaɓoɓi, ko da yake a shayi ɗan mitsitsi ne, sanyi-sanyi kawai yake bari a hanci. Itacen ba don mu yake yin waɗannan ba. Makamansa ne na kare kai daga ƙwari da sanyi da ƙunar rana, wadda takan fi kaifi a kan tudu da zarar hazo ya yaye. Da yawansu a ɗaure suke da sukari a cikin ganyen, ba sa tashi sai an raunata shi. Ka shinshini ɗanyen ganyen shayi a jikin itace, kusan ba abin da za ka ji sai ƙamshin ciyawa. Wannan batu na rauni shi ne mabuɗin sauran labarin.

Darjilin ta fi ko'ina nuna shi. Turawan Birtaniya sun karɓi yankin daga hannun sarkin Sikkim a 1835, don su sami wurin shan iska idan zafin Kolkata ya ishe su. A 1841 jami'in da ke riƙe da garin, wani likita mai suna Archibald Campbell, ya gwada shuka irin shayin ƙasar Sin a harabar gidansa, ya kuwa kama. Bayan 'yan shekaru kamfanin East India ya tura Robert Fortune, wani masanin tsirrai ɗan Sikotlan, ya shiga Sin a ɓoye cikin shigar 'yan ƙasa, ya kwaso tsirrai da iri da ƙwararrun masu sarrafa ganye zuwa Indiya. Cikin shekarun 1850 aka fara buɗe gonakin kasuwanci. Irin na Sin ƙaramin ganye gare shi kuma yana jure sanyi, saɓanin na Asam mai faffaɗan ganye da ke son zafi, kuma wannan zaɓi na farko yana cikin abin da ya bambanta Darjilin da sauran shayin Indiya har gobe. Yau gonaki 87 ne doka ta yarda su yi amfani da sunan, a tsakanin mita 600 zuwa 2,000, suna fuskantar dutsen Kanchenjunga mai tsayin mita 8,586.

Daga Disamba zuwa Fabrairu itacen barci yake yi, ba toho ba girma, abin da saiwa ta tara yana nan a ajiye. Da ɗumi ya fara shigowa a watan Maris sai ya farka da 'yan ƙananan ganye masu taushi. Wannan shi ne tsinkar farko. Ruwanta rawaya ne fari-fari, har wanda bai saba ba zai ce ganyen bai ji ba, ƙamshin kuma na fure ne da ɗanyen tsiro, da ɗan bauri mai kaifi da ke wucewa da wuri. Don kada ƙamshin ya gudu, a jirgin sama ake kai wani kaso Jamus, inda mashaya ke jiransa duk shekara. Tsinka ta biyu, ta Mayu da Yuni, ita ce ta yi wa Darjilin suna a duniya. Ruwanta ja-ja ne, ya fi cika baki, kuma a cikin mafi kyawunta ake samun ɗanɗanon da 'yan kasuwa ke kira muskatel, mai kama da na busasshen inabi da ya sha rana.

Sai damina ta kankama a Yuli. Itacen nan dai, a gonar nan dai, a tsayin nan dai, ya samu ruwa ya sake, ya yi ta zubo ganye. Shayin da ake yi da shi ruwansa baƙi ne, ƙamshinsa ya dushe, kuɗinsa ya faɗi warwas, galibi sai dai a gauraya shi da wasu. Ai tsaunin bai rage tsayi a watan Agusta ba. Takurar ce ta kau. A ganina duk mai son fahimtar shayin tsauni, wannan watan ya kamata ya fara dubawa kafin ya dubi watan Yuni.

Shi kansa muskatel ɗin, ƙwaro yana da hannu a ciki. Kafin damina wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari kore masu tsalle, da ba su fi milimita uku ba, sukan sauka a kan sabon toho su soka baki su tsotsi ruwansa. Ganyen ba ya mutuwa. Yakan tsumbure, gefensa ya nannaɗe, launinsa ya koma rawaya-rawaya, duk wanda ya gani zai ce gonar ta kamu da ciwo. A cikinsa kuwa itacen ya shiga fitar da sinadaran neman agaji, waɗanda masana ke ganin suna janyo gizo-gizo da sauran masu farautar ƙwaron. Waɗannan sinadarai ne, bayan an sarrafa ganyen, ke komawa ƙamshin zuma da inabi. Manoman Taiwan sun mayar da abin sana'a: suna da wani shayi mai tsada da ba ya yiwuwa sai ƙwaron ya ciji ganyen, don haka ba sa fesa magani a lokacin, suna kallo ƙwari na cin rabin amfaninsu suna murna. Gonakin da ake yin sa a Hsinchu da Miaoli 'yan tuddai ne da ba su kai mita 1,000 ba. Sai dai ma'aunin siriri ne, in cizon ya yi yawa ganyen ya yi ɗaci ya lalace.

A Siri Lanka iska ce ke yin aikin ƙwaron. Daga Yuli zuwa Satumba iskar damina takan juye ruwanta a yammacin tsaunuka, ta ƙetaro gabas zuwa lardin Uva a bushe tana kaɗawa da ƙarfi. Itacen ya ɗauka fari ne ya zo, ya nannaɗe ganye, ya rage girma. Shayin waɗannan makonni shi ke da sanyi-sanyin nan mai ratsa hanci, kuma shekarar da ruwa ya faɗo a tsakiyar lokacin, shi ke nan an yi asarar ƙamshin sai baɗi.

Daga nan aikin ya koma hannun mutum. Mata ne galibi ke tsinka, da kwando a baya, igiyarsa rataye a goshi, a gangaren da wani wurin ko tsayuwa sai da dabara. Toho ɗaya da ganye biyu na ƙarƙashinsa ake so. In aka zarce zuwa na uku da na huɗu kwando zai fi saurin cika, shayin kuma ya yi gauri. Sai an tara fiye da kilo huɗu na ɗanye kafin a sami kilo ɗaya na busasshe.

A masana'anta ana baza ganyen a kan dogayen kwamaye masu ƙasan raga, fanka na hura iska ta ƙarƙashi, ya kwana a haka. Kafin asuba ya yi yaushi, ya zubar da fiye da rabin ruwansa, ɗakin ya cika da ƙamshin da ba a ji a gona ba. Mai kula da aikin yakan damƙi ganyen a tafin hannu ya matse. In ya dunƙule ya zauna, karan ya lanƙwasa bai karye ba, to ya yi. Sai injin murza, wanda ke juya ganyen a hankali yana fasa ƙwayoyin cikinsa ba tare da ya yayyanka shi ba. Da zarar ruwan cikin ya haɗu da iska sai launi ya fara sauyawa, kamar yadda goro ke yin ja ya duhunta bayan an gatsa shi an ajiye. Aiki iri ɗaya ne ke gudana: katekin mai bauri yana rikiɗa zuwa wasu sinadarai masu ba ruwan launi da kauri. Idan aka hana wannan sauyi da zafi tun farko, koren shayi aka yi. Idan aka bar shi ya kai ƙarshe, baƙi. A Darjilin sukan matsa wa tsinkar farko yaushi sosai har sauyin ya kasa kammaluwa, shi ya sa za ka ga ana kiransa baƙin shayi amma ganyen cike da kore.

Nan ne gwanintar take, kuma ba agogo ke yanke hukunci ba. Mai aikin yana zagaya teburan da aka shimfiɗa ganyen, ya ɗebo da hannu biyu ya kai hanci, ya mayar, ya dawo bayan 'yan mintuna. Ƙamshin yakan tashi ya kai wani matsayi, ya lafa, sannan ya sake tasowa a karo na biyu da wata kama. Shi zai zaɓi wanda yake so ya kama, ya ba da umarni a kwashe zuwa na'urar busarwa, inda iska mai zafi za ta tsayar da komai cikin minti 20 zuwa 30. Ya yi jinkirin kwata, ƙamshin fure ya tafi. Ya yi gaggawa, ruwan ya fito da ɗanyen ɗaci. Ranar da aka yi ruwa lissafin daban, ranar da aka yi rana daban.

Akwai wata hanyar, kuma ita ce amsar tambayar Kericho. A farkon shekarun 1930 wani Bature mai suna William McKercher ya ƙirƙiro a Asam injin da ake kira CTC, mai haƙoran ƙarfe da ke murƙushe ganyen, ya yayyage shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana. Shayin da ke fita daga cikinsa yana sakin launi da ƙarfi nan take, yana ɗaukar madara da sukari, kilo guda kuma yana ba da kofuna masu yawa. Siraran ƙamshin nan kuwa ba sa tsira daga haƙoran. Kusan duk shayin Kenya ta wannan inji yake bi, domin manyan masu saye, irin su Pakistan da Masar, abin da suke so ke nan. Ga shi kuma Kericho tana dab da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, ba hunturun da zai sa itacen barci, tsinka ake yi shekara ta zagayo. Tudun ya ba ganyen Kenya haske da kaifin da ya sa masu gauraya shayi ke nemansa, amma ba a noma shi don a shinshina ba.

Mu ma muna da namu tudun. A Kakara, kan tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, ana noman shayi tun shekarun 1970, shi ake sayarwa da sunan Highland Tea, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya tana da reshe a Kusuku da ke aiki a kan shayi da gahawa. Tsayin Mambila, wajen mita 1,600, bai gaza na shahararrun gonakin Darjilin ba. Haka Ndu a ƙetaren iyaka cikin Kamaru. Hanyar da aka bi dai ta Kenya ce, ta ganyen 'yan jakunkuna, wadda ribarta a yawa take. Ni dai ina ganin duk mai son ya san iyakar abin da ƙasar Mambila za ta iya, ganyen rani zai ware, lokacin da ruwa ya ɗauke dare ya yi sanyi itacen ya takura, ya murza shi ba tare da ya yanka ba.

Taiwan ta nuna inda wannan hanya ke iya kaiwa. A can ba a kiran shayi na kan tsauni sai gonar ta haura mita 1,000, kamar na Alishan, ko na Lishan da wasu gonakinsa suka wuce mita 2,000. Ganyen sukan bar shi ya ɗan sauya launi kaɗan kawai, ana girgiza shi a faranti lokaci-lokaci cikin dare don gefensa ya ƙuje, sannan a tsayar da shi da zafi, a ƙunshe a ƙyalle a matse a kwance, a sake ƙunshewa, sau da yawa, har kowane toho ya zama ɗan dunƙule. A 'yar buta ake zuba masa ruwa, a tsiyaye bayan ƙasa da minti ɗaya, a sake zubawa, har sau shida ko fiye. Zubin farko ƙamshi ne kusan zalla. A na biyu da na uku ganyen ya warware, ruwan ya yi santsi a baki. Bayan an haɗiye da ɗan lokaci sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro ba tare da an sa sukari ba, kuma masu saye sun fi auna darajar ganyen da daɗewar wannan zaƙi fiye da komai.

Yadda ake yanke wa ganye kuɗi shi ma abin kallo ne. A ɗakin masu ɗanɗano, ko a gona ko a Kolkata inda ake gwanjon shayi tun 1861, ana jera fararen kofunan tangaram masu murfi. Kowanne a auna masa ganye daidai wa daida, giram 2 ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a bar shi minti biyar zuwa shida, wato fiye da yadda mai sha zai yi, don duk aibin da ke ɓoye ya fito fili. A tsiyaye ruwan a kwano, a kife jiƙaƙƙen ganyen a kan murfi. Mai ɗanɗano ya dubi busasshen, ya shinshini jiƙaƙƙen, ya ɗebi ruwan a cokali ya zuƙa da ƙara mai ƙarfi, irin wadda a gida za a yi wa yaro faɗa a kanta, don ruwan ya fantsama ya kai ganɗa ƙamshin ya hau hanci ta ciki. Ya tofar, ya matsa gaba. A Darjilin kowane ƙulli na 'yan kwanaki yana da lambarsa, DJ-1, DJ-2, haka har ƙarshen shekara, kuma biyu daga gona ɗaya da mako guda ya raba su suna iya bambanta a kuɗi ninki-ba-ninki.

Wannan kishiyar abin da muka saba da shi ne. Thomas Lipton, ɗan kasuwar Gilasgo da ya sayi gonaki a tsaunukan Siri Lanka a 1890, wanda sunansa ya zame mana sunan ganyen shayi gaba ɗaya, ya gina kasuwarsa ne a kan alkawarin cewa kwalin bana da na bara ɗaya ne. Don a cika irin wannan alkawari sai an gauraya ganyen gonaki da ƙasashe da yawa har bambancinsu ya ɓace. Mai sayen shayin tsauni kuwa bambancin yake biya.

Kada a ɗauka ina raina shayinmu. Haɗin kaurin teburin mai shayi, da madara da Milo da burodi, abinci ne, kuma ganye mai ƙarfi yake bukata. Shayin Buzaye da ake dafawa a kan gawayi da dunƙulallen koren ganyen Sin, a yi ta ɗaga 'yar buta ana tsiyayawa har kumfa ta tashi, a sha zagaye uku ana hira, shi ma fanni ne mai ƙa'idojinsa. Na citta da kanumfari da na'ana'a haka. Amma ka saka tsinkar farko ta Darjilin a ɗaya daga cikinsu, ka yi asarar kuɗinka, don tafasa tana korar ƙamshin ta fito da ɗaci, madara kuma ta rufe abin da ya saura. Shi ruwan da ya tafasa aka sauke ya ɗan huce yake so, minti uku, ba sukari, a kuma bar kofin ya rage zafi kafin a kurɓa, domin harshen da ya ƙone ba ya rarrabe komai. Ruwan ma sai an zaɓa: na rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yakan dusashe launin ya kashe ɗanɗanon. Kuma ba kowa abin ke burgewa ba ko a cikin masu kuɗi. A gwanjon Kolombo, shayin ƙasa-ƙasa na Siri Lanka, mai baƙin ruwa da ƙarfi, yakan fi na kan tsauni kuɗi a jimlace, saboda shi masu saye daga ƙasashen Larabawa da Rasha da Turkiyya ke so.

Abin da wahala ta haifa kuwa ba ya da wuyar rushewa. Wajen 1990 Darjilin tana fitar da kusan kilo miliyan 14 a shekara, zuwa 2023 abin ya dawo wajen miliyan 6, a ƙasar da ta noma fiye da kilo biliyan 1.3 a shekarar. Da yawan itatuwan sun tsufa, wasu sun haura shekara ɗari, kuma mai gona ba ya son tuge su domin sabon dashe a kan tsauni yakan ɗauki shekaru kafin ya fara biyan kansa. Hunturu yana zuwa a bushe, tsinkar farko ta makara ko ta ƙaranta, damina ta zo da zaftarewar ƙasa. Takura kaɗan ke gyara ganye, in ta wuce kima kashe shi take yi.

Sai batun da kwalin ba ya faɗa. Masu tsinkar, waɗanda galibinsu Gorka ne masu magana da harshen Nepal, jikokin waɗanda Turawa suka kawo tun ƙarni na 19, an ƙara musu kuɗin yini zuwa rufi 250 na kuɗin Indiya a 2023, wato wajen dala uku. Matar da ta tsinki ganyen da ake sayar da giram 100 ɗinsa a Hambug ko Tokiyo fiye da ladanta na mako, ba abin mamaki ba ne in ta ce 'yarta ba za ta gaje ta ba. Matasa na barin gonakin zuwa birane, kuma inji ba ya iya zaɓen toho da ganye biyu a kan gangare. A 2017 yajin aikin neman jihar Gorkaland ya rufe tsaunukan har kwana 104, daga Yuni zuwa Satumba. Tsinka ta biyu ta tafi a banza, gonaki suka koma daji, abin da aka samu a shekarar bai wuce kusan kilo miliyan 3 ba.

Masu saye ba su zauna jira ba, suka ƙetara Nepal. Gundumar Ilam tana maƙwabtaka da Darjilin, tsaunukan ɗaya ne, hazon ɗaya ne, itatuwanta kuma sun fi ƙuruciya, ga araha. Dama an daɗe ana ƙorafin cewa abin da ake sayarwa a duniya da sunan Darjilin ya ninka abin da gonakin ke fitarwa, shi ya sa Indiya ta yi wa sunan rajistar kariya a 2004, kaya na farko da ta yi wa haka, Tarayyar Turai kuma ta amince da shi a 2011. Rajistar ba ta hana ganyen Nepal shigowa Indiya ba haraji ba, kuma masu gonakin Darjilin na zargin cewa wani kaso yana fita da sunansu. Taiwan ma tana fama da irin wannan da ganyen Biyetnam. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wasu gonakin Nepal, kamar Jun Chiyabari ta gundumar Dhankuta, sun daina fakewa a bayan sunan maƙwabciya. Da nasu sunan suke sayarwa, kuma a manyan kantunan shayi na Turai ana jera ganyensu kusa da na Castleton da Margaret's Hope, shahararrun gonakin Darjilin, a kan kuɗin da bai yi nisa da nasu ba.